Me ya sa mutanen Faransa suka kifar da sarkinsu? Tambayoyi da amsoshi kan juyin juya halin 1789

Duk sanda aka ɗauko zancen juyin juya halin Faransa, amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce wai yunwa ce ta ishi talaka ya tashi. Yunwa na ciki kam, sosai ma, amma talakan Faransa ya sha yunwa sau da yawa kafin 1789 kuma sarki bai faɗi ba. To me ya bambanta wannan karon? Ga tambayoyin da aka fi yi.

Wai a taƙaice me ya faru?

A watan Mayu 1789 Sarki Luwis na 16 ya tara wakilan ƙasa a fadarsa ta Versailles don su samo masa hanyar biyan bashi, kafin wata uku iko ya suɓuce daga hannunsa ya koma hannun majalisa. A watan Satumba 1792 aka soke sarautar gaba ɗaya, ranar 21 ga Janairu 1793 aka fille masa kai a Paris. Matarsa Mari Antuwanet ta bi shi a watan Oktoba na wannan shekarar.

Ya zaman jama'a yake kafin abin ya ɓarke?

Mutanen Faransa a lokacin sun kai wajen miliyan 28, kuma doka da kanta ta kasa su gida uku. Rukuni na farko limaman coci, na biyu masu jinin sarauta, na uku kuma kowa da kowa, tun daga manomin da bai da ko taki ɗaya na gona har lauya da likita da attajirin da ke da jiragen ruwa. Rukuni biyun farko in ka haɗa su ba su wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba, amma coci kaɗai na riƙe da kusan kashi 10 na ƙasar noma, masu sarauta kuma wajen kashi ɗaya bisa huɗu.

Abin da ya fi cin rai ba yawan dukiyar ba ne, a'a, gatan ne da aka rubuta a doka. A 1781 aka fito da ƙa'idar cewa mai son shiga soja kai tsaye a matsayin hafsa sai ya nuna sarauta a gidansu har zuriya huɗu. Ka yi karatu, ka tara kuɗi, ka fi ɗan sarauta ƙwaƙwalwa, amma akwai ƙofar da haihuwarka ta rufe maka tun ba ka zo duniya ba. Su kansu limaman ba ɗaya suke ba fa, manyan bishop duk 'ya'yan manya ne masu fada da dawakai, limamin ƙauye kuwa da ƙyar yake kai wata, shi ya sa da rana ta zo da yawansu suka tsallaka ɓangaren talakawa.

Wane irin haraji talaka ke biya ne da ake ta maganarsa?

Kai, nan ne wajen. Manomi ɗaya hannu uku ne ke shiga aljihunsa. Sarki na karɓar babban harajin da ake kira taille, wanda masu sarauta da coci aka ɗauke musu. Coci na ɗibar ushirinta daga amfanin gona tun yana fili. Sai kuma uban ƙasa, wato mai sarautar yankin, shi ma yana da nasa kason na kuɗi ko na hatsi, kuma a wurare da yawa dole a wurin niƙansa za ka niƙa alkamarka, a tanderunsa za ka gasa burodinka, ka biya. Farauta tasa ce shi kaɗai, tantabarunsa da zomayensa su shiga gonarka su yi ɓarna kana kallo ba ka da ikon kashe ko ɗaya. Ban da wannan ga aikin dole na gyaran hanyoyin sarki, a ɗauke mutum daga gonarsa ya je ya yi kwanaki ba ko sisi.

Sai harajin gishiri, gabelle, wanda ba a taɓa tsanar haraji kamarsa ba. A yankunan da suka kewaye Paris dole ne kowane gida ya sayi wani adadi na gishiri duk shekara a farashin gwamnati, alhali a lardin Bretagne babu harajin sam, to ka ga gishiri ɗaya amma kuɗinsa ya ninka sau da yawa da zarar ka tsallaka iyakar lardi, sai fasa-ƙwauri ya zama sana'ar talakawa har da mata da yara, wanda aka kama kuwa ana iya tura shi bautar tuƙa jiragen sarki. Kuma irin wannan harajin ba ma'aikatan gwamnati ke karɓa ba, kwangila ake bai wa wata ƙungiyar attajirai, su ba sarki kuɗi a dunƙule sannan su bi jama'a su tatso nasu da riba. Su ne a shekarun 1780 aka gina wa katanga kewaye da Paris don kada kaya su shigo gari ba a biya ba. Ba mamaki da gari ya hargitse a Yuli 1789 ƙofofin kwastan ɗin nan aka fara cinna wa wuta, tun kafin a je Bastil, kurkukun sarki mai ganuwa da ke Paris.

To in ana tatsar mutane haka, ya aka yi baitulmali ya ƙare?

Yaƙi da bashi. Faransa ta sha kashi a hannun Ingila a yaƙin shekara bakwai na 1756 zuwa 1763, ta yi asarar Kanada. Don ramuwar gayya sai ta shiga yaƙin neman 'yancin Amurka a 1778, aka ci nasara kam, amma abin ya lashe sama da livre biliyan 1, wato kuɗin Faransa na lokacin, kuma kusan duk rance ne da kuɗin ruwa mai tsada. Zuwa 1788 kusan rabin abin da gwamnati ke kashewa a shekara yana tafiya ne wajen biyan bashi da ruwansa. Ƙasar ba matalauciya ba ce fa, arziki na nan, sai dai inda arzikin yake nan ne hannun mai karɓar haraji ba ya kaiwa sosai.

Ministan kuɗi Jacques Necker ya ƙara dagula lissafi, a 1781 ya buga bayanin kuɗin gwamnati ya nuna wai akwai rarar livre miliyan 10, bai sa kuɗin yaƙi a ciki ba. Jama'a suka yarda da shi. Bayan shekara biyar da wani ministan ya zo yana cewa akwai giɓi na sama da miliyan 100 sai kowa ya ce to wa ya sace?

Ba almubazzarancin sarauniya ne ya talauta ƙasar ba? Kuma da gaske ta ce in babu burodi su ci kek?

Maganar kek ɗin nan babu wata hujja da ta nuna ta faɗa, jingina mata aka yi. Kashe kuɗi kuwa ta kashe, a tufafi da caca da kyauta wa ƙawayenta, amma duk hidimar fada in ka tattara ba ta wuce wajen kashi 6 cikin 100 na kasafi ba, ko da an rufe Versailles ɗin baki ɗaya bashin na nan daram.

Sai dai kada a raina abin da sunanta ya jawo. 'Yar Ostiriya ce, ƙasar da Faransawa suka daɗe suna ɗauka abokiyar gaba, ga ƙananan takardu na batsa da ƙazafi a kanta suna yawo a ɓoye. A 1785 aka yi badaƙalar sarƙar lu'ulu'u, wasu 'yan damfara suka yi amfani da sunanta suka yaudari wani babban limami, ita ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, amma jama'a suka ƙi yarda ba hannunta. In mutane suka kai matsayin da duk sharrin da aka faɗa a kan gidan sarauta gaskata shi suke yi, to kwarjini ya riga ya tafi.

Sarki ba mai cikakken iko ba ne? Me ya hana shi kawai ya sa wa manya haraji?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta ce ke nuna cewa ba talaka ne ya fara girgiza gadon sarauta ba, manya ne. A takarda sarki na da iko duka, a aikace kuwa akwai manyan kotuna 13 da ake kira parlement, duk sabuwar doka sai sun yi mata rajista, alƙalansu kuma sayen kujerunsu suka yi ko suka gada don haka ba a iya korarsu da sauƙi.

Tun hawan Luwis a 1774, yana ɗan shekara 19, ya samu minista mai son gyara, Turgot, wanda ya so ya soke aikin dole ya maye shi da harajin da duk mai ƙasa zai biya. Manya suka yi masa caa, a 1776 sarki ya sallame shi. A watan Agusta 1786 ministan kuɗi Calonne ya gaya wa sarki ƙiri-ƙiri cewa asusu ya kusa ƙaf, ya kawo shawarar harajin ƙasa da zai hau kan kowa har coci. Don ya kauce wa kotuna sai aka kira taron manyan ƙasa mutum 144 a Fabrairu 1787, ana zaton tunda sarki ne ya zaɓo su za su ce to, ina, suka ce a kawo musu littattafan lissafi su gani tukuna. Sarki ya kori Calonne a Afrilu, ya ɗauko Brienne wanda yana cikin masu sukarsa, shi ma da ya ga lissafin sai ya dawo da kusan abin da ya soka. Kotun Paris ta ƙi, aka kore ta zuwa Troyes, aka dawo da ita, a Mayu 1788 aka yi ƙoƙarin karya ƙarfin kotunan gaba ɗaya sai larduna suka ɗau zafi, a Grenoble ranar 7 ga Yuni mutane suka hau rufin gidaje suna jifan sojoji da fale-falen rufi.

Duk tsawon wannan rigimar abin da manyan ke cewa shi ne babu mai ikon ƙirƙiro sabon haraji sai babban taron wakilan ƙasa, wanda rabon da ya zauna tun 1614. Wasunsu da gaske suke, suna ganin mulkin mutum ɗaya ya isa haka, wasu kuwa gatansu kawai suke karewa, suna lissafin cewa a taron su ne za su fi baki. A Agusta 1788 kuɗi suka ƙare ƙarƙaf, gwamnati ta dakatar da biyan wasu basussuka, sarki ya sallama ya ce a kira taron. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma masu gidan ne da kansu suka tsaga shi.

Yunwar fa, ya girmanta yake?

Ta kai inda ta kai. Ranar 13 ga Yuli 1788 aka yi ruwan ƙanƙara da ya kwantar da gonaki masu ɗimbin yawa a arewacin ƙasar dab da girbi, ga fari da aka yi kafin nan, sannan hunturun da ya biyo baya ya yi tsananin da kogin Seine ya daskare, jiragen hatsi suka tsaya, wuraren niƙa masu aiki da ruwa suka tsaya. Burodi mai nauyin kusan kilo 2 da ake saya sou 8 ko 9 a Paris, sou kuwa ƙaramin kuɗinsu ne na lokacin, ya kai sou 14 da rabi a Fabrairu 1789, lebura kuwa abin da yake samu a yini bai wuce sou 20 zuwa 30 ba, kuma ba kullum ake samun aikin ba. Mutumin da a da rabin samunsa ke tafiya a burodi yanzu sama da kashi 80 yake zubawa, ina na haya, ina na itacen jin ɗumi, ina na yara? Mata su fito tun da asuba su yi layi a ƙofar mai burodi cikin sanyi, a zo kansu a ce ya ƙare.

In kowa kuɗinsa a burodi ya ƙare ai ba mai sayen yadi ko takalmi, sai masaƙu suka fara sallamar ma'aikata, da ma yarjejeniyar ciniki da Ingila ta 1786 ta riga ta cika kasuwa da kayan Ingila masu araha. A ƙarshen Afrilu 1789 jita-jita kawai aka yi cewa wani mai masana'anta, Réveillon, ya ce a rage albashi, aka wawashe gidansa, sojoji suka buɗe wuta aka kashe mutane da dama. Kuma akwai wani abu a zuciyar talakan lokacin, ya ɗauka wajibin sarki ne ya tabbatar akwai burodi a farashin da za a iya saya, in babu to wani ne ya ɓoye hatsin don ya kashe su da yunwa. A 1775 ma an yi boren fulawa, sojoji suka murƙushe shi aka wuce wurin. Bambancin 1789 shi ne yunwar ta samu gwamnati ba kuɗi, manya sun rabu biyu, kuma an riga an gaya wa kowane ƙauye cewa sarki na son jin kukansu.

Marubuta irin su Voltaire da Rousseau su ne suka zuga mutane?

Dukansu biyu sun mutu a 1778, kuma manomi bai karanta su ba. Amma lauyoyi da ƙananan ma'aikata da ma 'ya'yan sarauta da yawa sun karanta, sun saba da jin cewa iko na al'umma ne kuma doka ta zama ɗaya ga kowa. Hafsoshin da suka yi yaƙi a Amurka irin su Lafayette sun dawo sun ga an yi abin a aikace. Littafi bai kawo juyin ba, amma da rigima ta zo mutane na da kalmomin da za su faɗi abin da suke so.

Me ya faru a taron na Versailles har ya ƙwace?

Tun kafin a zauna aka fara rigimar yadda za a jefa ƙuri'a. A Satumba 1788 kotun Paris ta ce a yi yadda aka yi a 1614, wato kowane rukuni ƙuri'a ɗaya, ma'ana biyu su danne ɗaya kullum, a kwana ɗaya alƙalan da ake yi wa kirari suka zama abin tofin Allah tsine. Sarki ya yarda a ninka wakilan rukuni na uku su kai wajen 600, amma ya yi gum a kan ko da kai za a ƙirga ko da rukuni, to ninkin me ke nan? A Janairu 1789 wani limami, Sieyès, ya fitar da 'yar takarda da ta zaga ƙasa, yana cewa rukuni na uku shi ne komai amma har yau ba a ɗauke shi komai ba. A lokaci guda aka umarci garuruwa da ƙauyuka su rubuta koke-kokensu, aka rubuta dubbai, kuma abin lura kusan ba mai neman a cire sarki, gyara suke roƙo a wurinsa.

Aka buɗe taro ranar 5 ga Mayu, aka yi sati shida ana jan ƙafa. Ranar 17 ga Yuni wakilan rukuni na uku suka ce su ne Majalisar Ƙasa, ranar 20 suka tarar an kulle musu zaure sai suka shiga wani ɗakin wasan tanis suka yi rantsuwa ba za su watse ba sai sun rubuta wa Faransa tsarin mulki. Sarki ya ce su watse, suka ƙi, bayan 'yan kwanaki shi da kansa ya umarci sauran rukunan su je su same su.

Me ya kai mutane Bastil?

Albarushi. Sarki na cewa ya yarda amma yana tara sojoji kewaye da Paris, da yawa rundunonin baƙi ne 'yan Suwizalan da Jamus. Ranar 11 ga Yuli ya kori Necker, wanda aka dawo da shi kan kujerar ministan kuɗi kuma jama'a ke gani shi kaɗai ne nasu a gwamnati, sai kowa ya ce shi ke nan za a afka wa majalisa. Safiyar 14 ga wata aka fasa ma'ajiyar Invalides aka kwashe bindigogi wajen 30,000, babu albarushi, aka ji yana Bastil. Fursunoni 7 kacal aka samu a ciki, kusan mutum 100 daga masu kai harin suka mutu. Abin da ya yanke hukunci shi ne sojojin da ke tsaron Paris sun juya sun bi jama'a har da igwa, su ma ai a unguwannin nan suke zaune, farashin burodin nan suke ji. Daga ranar hafsoshi ba su ƙara iya tabbatar wa sarki cewa in an ce a harba za a harba ba.

Mutanen ƙauye fa?

Su ne mafi yawa kuma su suka karya tsohon tsarin da hannunsu. A ƙarshen Yuli jita-jita ta bi ƙauyuka cewa manya sun turo 'yan fashi su lalata amfanin gona, manoma suka ɗau makami, da ba su ga 'yan fashi ba sai suka nufi gidajen iyayen ƙasa, abin da suka fi nema kuwa takardun da aka rubuta abin da ake binsu, su ƙona. Wannan ne ya sa majalisa a daren 4 ga Agusta ta sanar da soke gatan gado da ushirin coci, ranar 26 ta fitar da sanarwar haƙƙin ɗan Adam da na ɗan ƙasa.

Luwis azzalumi ne? Tun farko kashe shi aka yi niyya?

Ko ɗaya. Mutum ne mai riƙo da addininsa, ya soke azabtarwa wajen tuhuma, a 1787 ya bai wa 'yan Furotesta wasu haƙƙoƙi. Matsalarsa ba ya tsayawa a kan magana, ya goyi bayan minista yau gobe ya sake shi, ya yi barazana sannan ya janye, ya sa hannu a fili yana neman hanyar warwarewa a ɓoye, wlh irin wannan halin a lokacin rikici ya fi mugunta tsada, don ba masoyi ba maƙiyi babu wanda ya san inda ya dosa.

Ko a Oktoba 1789 da dubban matan Paris suka taka wajen kilomita 20 cikin ruwan sama zuwa Versailles, burodi suka je nema, kuma suka taho da shi Paris don ya zauna cikin jama'arsa. Tsarin mulkin da ake rubutawa ya bar masa kujerarsa. Abin da ya yanke igiyar shi ne daren 20 ga Yuni 1791, ya sulale da iyalinsa cikin ɓad-da-kama ya nufi iyakar gabas, ya bar takarda yana sukar abin da majalisa ta yi, aka gane shi aka tsare shi a Varennes. Da aka shiga yaƙi da Ostiriya a Afrilu 1792, ƙasar su matarsa, sannan kwamandan sojojin abokan gaba ya fitar da gargaɗi cewa in aka taɓa sarki za a ɗau fansa a kan Paris, sai mutane suka ce to ga shaida, da su yake. Ranar 10 ga Agusta aka afka wa fadar Tuileries, a Nuwamba aka gano wani akwatin ƙarfe a ɓoye cikin bango ɗauke da wasiƙunsa na sirri, a Disamba aka gurfanar da shi gaban majalisa a kan zargin cin amanar ƙasa.